Jeren Aron da Na Sauke da Hannuna

Shekarun baya, lokacin ba a daɗe da ba mu jiharmu ba, Gusau tana ta koyon zama babban birni, na yi wani abu da har yau in an taru a gidanmu na Tsafe ana son tsokanata sai an tayar da shi. Wasu a dangi sun kira shi rashin kunya, masu sauƙin baki suka ce ƙuruciya ce. Ni kam kun san halina, ban karɓi ko ɗaya ba. Tunda kuna yawan tambayata yadda nake zaɓen tuluna da tasoshin da kuke gani a hotunan falona, bari in ba ku labarin inda abin ya samo asali.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Tsafe. Mahaifina ya rasu tun ina makarantar horon malamai, ya bar mahaifiyata da mu, sai rufin asirin Allah da ɗan abin da take juyawa a cikin gida. Wanda zan aura mutumin Bungudu ne, yana cikin ma'aikatan da aka kwaso aka zuba a sababbin ofisoshin Gusau. Mu muka ga juna muka ce muna so, manya suka sa albarka. Babu wata rigima a maganar auren, sai da aka zo kan jere.

'Yan matan yanzu ba za su gane nauyin jere a wancan zamani ba. Kabet ɗin amarya shi ne fuskar gidansu. Ana ƙare biki dangin miji za su zo ganin ɗaki, su tsaya gaban kabet su auna uwarki da abin da ke ciki. Yayin kwalla da langa ya fara wucewa, an shiga na tangaran: farantai masu bakin ruwan zinari, kofunan da ba wanda zai taɓa shan shayi da su, da dogayen tulunan gilashi da ake cusa wa fulawar roba. Wadda ke da hali ta saya. Wadda ba ta da shi kuma akwai hanyar da kowa ya sani, ba mai faɗa da ƙarfi: a bi gidajen masu shi a aro, a cika kabet, in ƙafar baƙi ta ɗauke a riƙa mayarwa a hankali. Don kada kaya su cakuɗe, kowace mai kaya tana yi wa nata alama a gindi, wata ɗigon jan farce, wata koren fenti. Su ma dangin miji ba yara ba ne. Za ki ga tsohuwa ta ɗauki faranti tana masha Allah, tana juya shi kamar kyansa take kallo, alhali ɗigon take nema.

Na ga ƙarshen wannan al'ada da idona a ɗakin ƙawata, wadda ta riga ni aure. Na je mata yini, ga ƙannen mijinta zaune muna hira, sai ga aike daga mai kaya wai a ba da tangaran ɗinta yau ɗin nan, za ta yi baƙi. Ƙawata ta tashi tana sauke farantai ɗaya bayan ɗaya, tana dariyar da ba ta kai ciki ba. Da suka fita ta kifa kai a cinyata ta yi kuka. Tun a motar komawa gida na ƙudura a raina cewa ko cokali ɗaya na aro ba zai kwana a ɗakina ba.

Saboda haka na fara tara nawa tun ba a sa rana ba. Mahaifiyata ta ba ni tasoshin tagulla guda biyu da ta gada wurin kakata, sun yi baƙi ƙirin a ƙarƙashin gado. Na zauna da toka da lemon tsami ina dirza har zanen da maƙeri ya yi musu ya fito. Na roƙi mahaifiyata kwallayenta na aure, irin masu jan fure, ɗaya har murfin ya ɗan ɓantare a baki, na ce a haka nake son sa. Wata ranar kasuwar Mada na ga wani jan tulu mai dogon wuya da zanen fari a kafaɗa. Na ƙwanƙwasa shi na ji amonsa garau, na rungumo shi a mota kamar jariri, fasinjoji suna tambayata ko babu randa a gidanmu. Sabon abu guda na saya a kasuwar Gusau, wani koren tulun gilashi, ba ruwan zinari ba kwalliya. Sai da na zagaya rumfunan har mai shagon ya fara ɗaure mini fuska kafin na tsayar da shi. Ban da kwanukan cin abinci na yau da kullum, iyakar dukiyata ke nan, kuma ni a ganina ko matar gwamna albarka.

Gwaggona, yayar mahaifina, ita ce uwar biki, ita ke da wuƙa da nama a kan jere. Da ta zo duba kaya na baje mata su a tabarma ina washe baki. Ta dube su, ta dube ni, ta riƙe haɓa.

"Ke ɗiyar ga, ina sauran?"

Na ce, "Su ke nan, Gwaggo."

"Su ke nan mi? Wanga tarkace za mu kai Gusau? Tulun ƙasa cikin kabet? Mutanen Bungudu su ce ɗan'uwana bai bar komi ba sai toka? Bari, ni na san gidajen da zan shiga."

Na ce mata cikin ladabi, gwargwadon ladabin da Allah ya ba ni, cewa ba na son kayan kowa. Na ce zanen aro ba ya rufe katara. Ta ce ai ba a tambaye ni ba, amarya lalle aka sani da ita, ba baki ba. Na juya wurin mahaifiyata ina jiran ta tsaya mini. Tana zaune tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba. Na ɗauki shirun nan a matsayin tana bayana, kunyar gwaggo ce kawai ta hana ta magana. Da na sake nanata mata daga baya sai ta ce, "Allah dai shi rufa asiri." Ni da wautata na ce amin, na tafi na kwanta da murna.

Amarya ba ta zuwa wurin jere. Ina can cikin lalle 'yan jere suka tafi Gusau da kaya, suka dawo suna guɗa. Aka kai ni a lulluɓe, ban ga komai ba sai ƙafafun mutane. Sai da gari ya waye, na yaye mayafi na dubi ɗakina, na ga kabet cike maƙil yana ƙyalli kamar shagon tangaran. Ga dogayen tulunan gilashi har da fulawar robarsu. Tasoshina da kwallayena an tura su ƙarƙashin gado. Jan tuluna kuwa a bayan ƙofar kicin na same shi, an kifa masa tsintsiya.

Na buɗe kabet na ɗauki faranti na juya. An manna masa 'yar farar takarda a gindi, irin ta kanti, wai a ce sabo ne. Na sa farce na ɓanɓare, ga jan ɗigo. Na ɗauki kofi, koren fenti. Wallahi ji na yi kamar an mare ni a ɗakina. Dangin mijina kuma da la'asar ɗin ranar za su iso daga Bungudu.

Ƙawata tana cikin masu taya ni zama. Na ce mata ta nemo kwalayen da aka zo da kayan. Ta zaro ido ta ce, "Ke, kina hauka? Ki bari a yi ganin ɗaki mana, in ya so ki mayar." Na ce ita ce za ta ba ni wannan shawara, ita da ta jiƙa mini zane da hawaye? Sai ta tashi ta jawo kwalayen. Muka shiga naɗe kayan mutane da tsofaffin jaridu, na jan ɗigo a kwalinsa, na kore a nasa. Hannuna baƙi da lalle, ina addu'ar kada in fasa na wata in shiga uku.

Angon ya leƙo ya same mu tsamo-tsamo cikin takardu. Na yi masa bayani a gajarce, ina shirye da faɗa in ya kawo wata magana. Sai ya sosa ƙeya ya ce, "To, ɗakinki na. Amma ki sani yayata ba ta da birki a baki." Na ce mun daidaita, ni ma nawa ya daɗe da lalacewa. Ya yi dariya ya fice abinsa, irin ta mutumin da ya san ba shi za a tsare ba.

Na goge kabet na jera nawa. Tasoshin tagulla a sama, kowace da filinta. Kwallaye a tsakiya, na juya ɓantararren murfin yana kallon gaba don ban ga abin ɓoyo ba. Koren tulun na sa masa ruwa, ƙawata ta karyo mini reshen lalle mai fure daga gidan maƙwabta, ɗakin ya ɗauki ƙamshi. Jan tulun na ajiye shi a ƙasa gefen kabet. Da na ja baya na duba, gaskiya fili ya fi kaya yawa. Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye muku ba. Amma a ranar na fara lura cewa abu mai kyau in an ba shi wuri sai ya ƙara kyau, a cikin cunkoso kuwa ko zinari ɓacewa yake.

Gwaggo ta riga baƙin isowa. Ta yi sallama da fara'arta, ta ɗaga labule, sai sallamar ta maƙale.

"Inna lillahi! Ina kayan da munka jera? Ɓarayi sunka shigo?"

Na nuna mata kwalaye a bayan gado. Na ce, "Ga su nan lafiya lau, Gwaggo, ko ɗaya bai fashe ba."

"Ke kiy yi wanga aiki? Da hannunki?"

"Da hannuna."

Ta zauna a bakin gado daɓas. Ta ce maza in mayar kafin mutane su iso. Na ce ta yi mini kowane hukunci, amma wannan kam a'a. Ta ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Na ce haka ne, amma ni zan zauna a ɗakin ranar da za a zo kwashewa, ita tana Tsafe. Ban taɓa mayar wa gwaggo magana ba sai ranar. Tana shirin tashi ta jera da kanta muka ji tsayuwar mota da guɗa a ƙofar gida.

Suka shigo ɗaki ya cika, ni ina gefe a lulluɓe kamar mutuniyar kirki. Guɗar ta mutu a hankali. Yayar mijina ta matsa gaban kabet, ta ɗauki tasa ta juya, ta ajiye. Ta ɗauki kwalla ta juya. Ta rasa abin da take nema, sai ta waiwayo.

"Amarya, sauran kayan suna hanya ko?"

Amarya ba ta magana a irin wannan wuri, gwaggo ce ya kamata ta amsa. Na ji ta ja numfashi za ta ce eh. Sai na riga ta daga cikin mayafi.

"Iyakarsu ke nan, Yaya. Amma duk wanda kunka ɗaga nawa na, ba mai aikowa a karɓa."

Wata ta ce "Kai!" Wata ta ƙyalƙyale da dariya ta toshe baki da gyale. Yayar mijina ta ce, "To, Allah shi sa alheri. Lalle an kawo muna malama." Kada ku zaci wani ya tafa mini. Ba wadda ta yaba tagulla, ba wadda ta ce tulun ya yi kyau. Sun ci abincinsu, suka koma Bungudu da labarin amaryar Tsafe mai kabet fayau da baki kamar reza. Gwaggo ta tafi ko sallama ba ta yi mini ba. A bakin ƙofa ta ce wa ƙawata wai duk wadda ta sauke kayan ita za ta mayar wa masu shi, ita ta wanke hannunta.

Da biki ya watse maigidana ya samo mota, muka loda kwalaye sai Tsafe. Gidan masu koren fenti ba a yi wata doguwar magana ba, matar ta ƙirga kayanta ta ce Allah ya ba da zaman lafiya. Masu jan ɗigon kuwa na wata Hajiya ne, matar abokin aikin mahaifina. Na san gidan, na kuma san mahaifiyata ta daina shigarsa tun bayan rasuwar mahaifina, saboda wata magana mai ciwo da Hajiyar ta yaɓa mata a gidan suna. Na yi mamakin yadda gwaggo ta je can.

Hajiya ta karɓe ni a tsaye. Ta dubi kwalin ta ce, "Har kin gama da su? Ai da kin hwaɗi ba ki so, da uwarki ba ta wahal da kanta ba."

Na ce, "Gwaggona dai."

"Wace gwaggo? Uwarki da ƙahwarta taz zo nan. Nan ƙasa taz zamna, ga wurin nan, tana ba ni haƙuri bisa abin da ba ita ta yi laihi ba, don in ba ta kayan ga. Tac ce ba ta son a raina ki gidan miji."

Ban san yadda na fito daga gidan ba. Ashe shirun da na ɗauka goyon baya ne, na uwa ce da ta riga ta yanke abin da za ta yi. Ta haɗiye fushin shekaru ta je ta durƙusa wa matar da ta wulaƙanta ta, ni kuma na naɗe abin da ta samo a jarida na tura bayan gado.

Na sami mahaifiyata a tsakar gida tana tankaɗe. Na gaishe ta, ta amsa ba yabo ba fallasa. Na zauna kusa da ita na ce na fito daga gidan Hajiya. Hannunta ya tsaya a kan rariya.

"Kin san mi aka hwaɗi cikin gari?" in ji ta. "An ce na aurar da ke kamar marainiyar da ba ta da kowa. Jiya gidan wani biki ina shiga anka yi shiru."

Hawaye suka zubo mini. Na ce, "Inna, ki yafe mini ɓacin ran da na jawo miki. Wallahi ban san ke kika je ba." Ta ce in da na sani fa? Na san amsar da take so, na kuma san wadda ke cikina. Na ce, "Da na zo na roƙe ki kada ki je. Amma ko da kin je, Inna, sai na sauke. Ba ni iya zama ina gadin kayan matar da ta sa ki zama ƙasa."

Ta ce, "Taurin kan ubanki, ba abin da kib bari." Ta ci gaba da tankaɗenta. Ban samu fiye da haka ba ranar, na koma Gusau zuciyata kamar an ɗora mata dutse. Gwaggo ta yi watanni ba ta amsa gaisuwata da kyau. A Bungudu kuwa sunan malama mai tulu ya bi ni, har yaran gidan suka ɗauka sunana ne na yanka. Na amsa abina. Abin da na sani shi ne duk wanda ya yi sallama a ƙofata gabana ba ya faɗuwa, kuma kabet ɗina bai taɓa ramewa ba. A hankali ma ya riƙa ƙiba, yau kwano ɗaya, bayan watanni wani tulu, kowanne sai na gan shi na so shi kafin ya shigo.

Ba a rufa shekara biyu ba aka sa ranar ƙanwata. Na je gida ana shirye-shirye, sai ga gwaggo ta iso da kuzarinta, ta zauna tana lissafa gidajen da za a shiga aro. Ta harare ni ta ce wannan karon ba ruwan malamai. Na ja bakina na tsuke, don na yi wa kaina alkawari ba zan sake sa mahaifiyata a bakin duniya ba. Sai na ji muryarta daga bakin murhu, a hankali, ko juyowa ba ta yi ba.

"Yaya, a bar aron nan. A jera mata abin da Allah Ya hore."

Gwaggo ta ce, "Ke ma? Kin manta abin da mutane sunka hwaɗi wancan karo?"

"Ban manta ba. Sun hwaɗi, na ji, kuma ga ni ban mutu ba. Ba ni ƙara zama ƙasa gidan kowa don faranti."

Na tashi na shige ɗaki kamar zan ɗauko wani abu, don kada su ga fuskata.

To, masu tambayata ko tsohon abu ya fi, ko na yayi, ko a haɗa, ni ba ni da wata doka. A falona akwai tagullar da ta girmi mahaifiyata, akwai gilashin da na saya bara, suna zaune lafiya ba su taɓa faɗa ba. Ki zaɓi abin da idonki ya kwanta da shi, ki ba shi fili, ko guda ɗaya ne. Sharaɗina dai ya zama in ya faɗi ya fashe, ke kaɗai za ki yi jimami, ba sai kin yafa mayafi kin tafi ba wa wata haƙuri ba.

Har yau in na tuna zaman da ta yi a ƙasan gidan Hajiya sai ƙirjina ya yi zafi, wannan kam ba ya warkewa. Amma ko yanzu aka mayar da ni wancan ɗaki da lalle a hannu, kwalayen zan nema. Mahaifiyata ba ta taɓa ce mini na yi daidai ba, ni ma ban taɓa ce mata na yi kuskure ba. A haka muka zauna, muna son juna, har Allah Ya karɓi abarsa.